Taragon Gaba Ba Ya Zuwa Nikko

Duk namijin da ya girma a unguwarmu, nan gabashin Tokyo ta hayin kogi, kansa ya taɓa shiga hannun Nagumo Eizo. Shagon askinsa kujera biyu ne, tsakanin gidan wanka da mai sayar da tofu, wato awara, kuma gadon ubansa ne. A shekarar da nake ba da labari yana da saba'in da uku, bai ajiye almakashi ba. Gajere ne mai sanƙo, 'yan unguwa ba su gajiya da tsokanarsa wai da kansa ya fara koyon aski har ya ƙure shi. Bai taɓa hawa jirgin sama ba. Bai taɓa kwana uku a jere a wajen gidansa ba, in ka cire lokacin da aka yi masa aiki a ciki. Amma ka tambaye shi yadda za ka kai kowane lungu na ƙasar nan a jirgin ƙasa, yana riƙe da kunnenka yana datsa zai gaya maka tashar da za ka sauka ka canja, da minti nawa za ka jira.

Littafin jadawalin jirage shi ne karatunsa, wannan ƙaton mai kaurin bulo da ke fitowa duk wata. In babu kowa a kujera sai ya maƙala tabarau ya buɗe, ya tashi daga Tokyo da ɗan yatsa, ya kai ƙarshen arewa ya dawo kafin shayinsa ya huce. Matarsa Tokie takan ce ta auri mutumin da ya zaga ƙasa sau dubu bai taɓa kai ta ko'ina ba.

Wannan ƙarin gishiri ne, don sau ɗaya a shekara yana kai ta, ita da wasu mutum ashirin. Ƙungiyar dattawan unguwa takan yi fita ta yini guda duk lokacin kaka, in ganye ya yi ja, kuma shekara goma sha takwas Nagumo ne mai shirya ta. Shi ba ya shiri a zaune. Saura sati uku zai zaɓi wata Litinin, ranar da masu aski ke hutu, ya tafi shi kaɗai ya taka hanyar da ƙafarsa. Ya ƙirga matakala, ya san inda banɗaki yake, ya san bencin da rana ba ta duka, ya ɗanɗani miyar gidan da za a ci abinci. Ya dawo ya rubuta ɗan littafin tafiya da hannunsa, minti bayan minti, a raba wa kowa. Ran tafiya kuwa ka gan shi a gaba, ƙirji a buɗe, da 'yar tutarsa ruwan ɗorawa. A shekarun nan ba wanda ya taɓa ɓata, ba jirgin da ya taɓa tsere musu. Har ya saba musu da rashin duba komai, ba su karanta allo, ba su sauraren sanarwa, tuta kawai suke bi.

Akwai kuma wani ɗan wasa da ake yi kafin a kai ga haka. Duk watan tara, a ɗakin taron unguwa, in an gama shan shayi, Nagumo zai rusuna ya ce ya tsufa, a ba wani. Shugaban ƙungiya, Kuribara, zai ce haba, wa zai iya. Nagumo ya sake ƙi. Sai tsohuwa Ushijima, wadda ta haura tamanin da biyar kuma ta san shi tun yana yawo da majina, ta buga sandarta a ƙasa ta ce in ba shi ba ita ta fasa zuwa. A nan zai yi ajiyar zuciya ya ce to, tunda an matsa, zai taɓa duk da bai isa ba. Kowa ya san kara ce. Wanda ya cafke abu a tayin farko ai ba shi da tarbiyya. Amma kowa ya san kuma a karo na uku ake karɓa.

Sai ga Shiomi ya shigo unguwa da bazara. Ya yi ritaya daga wani kamfani mai fatauci da ƙasashen waje, ya zauna nan ya zauna can, ya zo ya kama gida a sabon dogon benen nan na bakin kogi. Dogo ne, mai fara'a, da suma cike da kai fara fat. Kallo ɗaya Nagumo ya yi wa kan nan ya san a wani shagon masu hali na tsakiyar birni ake gyara shi. Abin da ya fi ci masa rai, an gyara shi da kyau, babu inda zai ce an yi kuskure. Wata shida mutumin nan yana wucewa ta ƙofar shagonsa, yana gaishe shi har da sunkuyawa, bai taɓa zama a kujerarsa ba ko sau ɗaya.

A taron watan tara na shekarar, tun kafin a zo kan maganar fita, Shiomi ya ba da labarin wata ƙasa da ya zauna inda jirgi ya yi lattin kwana guda cur, fasinjoji suka yi masa tafi da ya iso. Aka yi ta dariya har da hawaye. Tokie ta rufe baki da hannu kafaɗunta na rawa, kuma Nagumo ya kasa tuna ranar da ta yi masa irin wannan dariyar. Labarin jirgi fa, a gabansa, daga bakin wanda bai san lambar shafi ko ɗaya ba. Ya ce a ransa, bari wannan baƙon ya ga yadda ake roƙon mutane a unguwar nan.

Aka zo wurin wasan. Ya ƙi na farko, ya ƙi na biyu. Tsohuwa Ushijima ta buga sanda kamar yadda ta saba. Kowa ya gyara zama don a yi tafi a tashi. Maimakon ya karɓa, sai gogan naku ya girgiza kai.

"A'a, bana kam da gaske nake," ya ce. "Ido ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi. Ku yi haƙuri."

Ba wanda ya san abin da ake faɗi bayan ƙi na uku, don ba a taɓa kaiwa can ba. Kuribara ya tsura wa kofin shayinsa ido. Nagumo yana zaune yana jiran a taso masa gaba ɗaya, a ce ina, ba za ta saɓu ba. Shi kuwa Shiomi, da ya daɗe cikin mutanen da in sun ce a'a to a'a suke nufi, ya ɗan yi gyaran murya.

"In ba za a ga rashin kunyata ba, ni zan iya gwadawa," ya ce, sannan ya kira sunan da "san" na girmamawa. "Nagumo-san ya yi wa jama'a hidima da yawa, ya cancanci ya zauna a kai shi."

Aka yi tafi, tafin mutanen da aka fitar daga tsaka mai wuya. Nagumo ma ya tafa, yana yaƙe. Da aka tambayi Shiomi ina za a, bai yi dogon tunani ba ya ce Nikko, garin wuraren ibadar nan na cikin duwatsu. Nan ne Nagumo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Nikko ita ce ya ajiye wa fitarsa ta ashirin, ya daɗe yana lallaɓa ta a ransa, da ƙofofinta masu ado da dogayen itatuwanta da matakalar dutse zuwa kabarin tsohon sarkin yaƙi. Tsohuwa Ushijima ta haɗa hannuwa ta ce rabonta da Nikko tun tana 'yar makaranta, ta ɗauka ba za ta ƙara gani ba.

Suna isa gida suka cire takalma, Tokie ta dube shi, ta kira shi da sunan da ta saba.

"Baba, jan aji ma yana da iyaka."

"Wa ya ce miki jan aji nake? Na gaji ne."

"To madalla. Sai ka huta."

"Mutumin da bai san wace ƙofa ake fita a tashar unguwarsa ba, shi zai kai tsofaffi ashirin Nikko."

"Ai kai ka ba shi," ta ce, ta wuce ta ɗora ruwan shayi.

Makonnin da suka biyo baya Nagumo bai ji daɗinsu ba. Ƙyashi ciwo ne mai ban haushi, don mai shi ba ya iya cewa ga inda ke yi masa zafi. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya kawo maganar Shiomi. Wai ya samo gidan abincin da ke kallon kogi. Wai littafin tafiyar da na'ura ake buga shi, har da hotuna masu launi. Mai tofu, da tawul a wuya da kumfa a haɓa, ya ce ai iska sabuwa tana da daɗi, bai san saura ƙiris a yanke masa kunne ba. Litinin ɗin da ya kamata a ce Nagumo yana can yana ƙirga matakala ta zo ta same shi zaune cikin rufaffen shago, yana wasa askar da ba ta buƙatar washi. Tokie kuwa ta je kasuwa ta sayo sabon takalmin tafiya da gyale ruwan toka. Shekara goma sha takwas da tsohon takalminta take bin tutarsa, bai taɓa jin ta ce ya ƙoƙe ba.

Saura kwana goma, da hantsi, sai ga Shiomi ya turo ƙofar shagon da kwalin alawa a hannu. Nagumo ya ɗauka yau kan nan ya zo hannu. Ina. Mutumin a bencin jira ya zauna, ya fito da littafin tafiyar ya miƙa da hannu biyu.

"Ni ɗan koyo ne, Nagumo-san. Kowa ya ce mini kai ne malamin. Ka taimaka ka duba mini kafin a buga na kowa."

Nagumo ya maƙala tabarau. Takarda mai sulɓi, hoton jar gada a bango, tarihin kowane wurin ibada a tsare. Ya so ya sami abin kushewa a shafin farko bai samu ba. A shafi na biyu idonsa ya tsaya. An rubuta a taru a tashar Asakusa ƙarfe takwas saura kwata, a wuce can gaba a shiga tarago na farko, don na baya kusa da ƙofa sun cika cunkoso, tsofaffi ba za su sami wurin zama ba.

Tunani ne mai kyau, na mutumin kirki. Sai dai jirgin nan a wancan lokacin ba ɗungurungum yake zuwa Nikko ba. In ya kai wata tasha a gindin duwatsu sai a raba shi. Taragu biyu na baya su ne na Nikko, na gaba kuwa su miƙe arewa cikin kwazazzabo, su yi ta tafiya. Duk mai bin hanyar ya san haka, kuma ana ta faɗi a lasifika.

"Ka je ka taka hanyar?" Nagumo ya tambaya, bai ɗago kai ba.

"Na je. Amma a mai sauri na tafi, wanda ake keɓe wa mutum kujera. Daga baya Shugaba ya ce gara mu bi wanda kuɗinsa ba zai yi wa kowa nauyi ba. Ai hanya ɗaya ce, ko?"

Bakin Nagumo ya buɗe. A yi masa adalci, ya buɗe don ya faɗa. Daidai nan Tokie ta shigo da tiren shayi, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, Baba, dubi gadar nan kamar ka taka. Mu dai ba mu taɓa samun mai hoto ba. Shiomi-san, hannunka akwai albarka."

Nagumo ya rufe littafin a hankali ya miƙa masa.

"Babu abin gyara," ya ce.

Kada a ce mugunta ya shirya tun daga nan, shi ma bai kira ta da wannan sunan ba. Abin da ya tsara a ransa mai sauƙi ne. Zai bari a shiga taragon gaba. In an kusa tashar rabuwa sai ya miƙe, cikin natsuwa, ba tare da ya kunyata kowa ba, ya ce jama'a ku biyo ni. Ya ratsa da su zuwa baya. Ba wanda zai cutu. Za su dai san cewa hoto mai launi ba ya kai mutum Nikko. Kwana goma yana maimaita wannan miƙewar a gaban madubin shagonsa, har ya zaɓi irin muryar da zai yi magana da ita.

Ran tafiya gari ya waye garau. Shiomi na tsaye a tasha da sabuwar tuta shuɗiya yana raba littattafan. Nagumo ya karɓi nasa ya juya bangon baya, sai ya ga an ƙara layi ɗaya da manyan haruffa, cewa Nagumo Eizo ne ya duba wannan tsari ya tabbatar da shi, tare da godiya. Ya ɗan ji wani iri. Amma ya ce ba komai, ai kafin a kai ko'ina zai gyara.

Suka bi shuɗiyar tuta har taragon farko, kuma gaskiyar Shiomi, babu kowa a ciki sai mutum biyu-uku. Tsofaffi suka baje. Aka cire takalma aka miƙe ƙafa a kujerar gaba, aka kwance ƙunshin abinci tun ba a bar gari ba. Kuribara ya fasa gwangwanin giyarsa ta safe, wadda ba ya sha sai ran fita, kafin a tsallake kogi na biyu ya fara gyangyaɗi. Shiomi bai zauna ba. Yana bin kujera-kujera yana ba da labarin masu sassaƙa da suka yi ƙofofin Nikko, mata na ta ashe, ashe. Lasifika ta faɗi maganar rabuwar jirgi sau ɗaya, ta sake faɗi. Rabinsu kunne ya yi nauyi, rabin da suka ji kuwa ba su saurara ba, don ba aikinsu ba ne.

Awa biyu Nagumo na zaune bakin taga, agogo a tafin hannu. Gonakin shinkafa da aka girbe suka wuce, duwatsu suka matso. Jirgi ya rage gudu, ya tsaya a tashar rabuwa. Ya san minti nawa ake yi a nan. Ya dafa gwiwa, ya ɗaga jikinsa rabi, ya juya don ya yi magana.

Abin da ya gani ba wani abu ba ne. Shiomi ya gaji ya zauna a hannun kujerar da ke kallon ta Tokie, ita kuma ta ɓare lemo, ta tsince zaren jikinsa tas, ta miƙa masa rabi. Shi ke nan. Haka take yi wa jikokinta, haka take yi wa kowace tsohuwa a ƙungiya. Amma Nagumo ya tuna in shi za ta ba lemo, da bawonsa take miƙa masa. Ya koma ya zauna. Ya ce a ransa, in na cece su yanzu ma cewa za su yi ɗan kuskure ne, su ci gaba da dariyarsu. Bari a wuce tasha ɗaya, su ji a jikinsu, Shiomi ya gane da kansa. Jirgin dawowa ai yana kaina.

Ƙofofi suka rufe. Aka ji ɗan ƙaran ƙarfe daga baya, jirgi ya ja.

Tasha ɗaya ta wuce Shiomi bai lura ba. Ta biyu ta wuce. Nagumo yana kallon fuskarsa, yana jiran ya ga ta canja, kuma ba zan ɓoye ba, yana jin daɗin jiran. Sai a ta huɗu Shiomi ya dubi agogo, ya dubi taga inda kogi ke gudu can ƙasa cikin duwatsu, ya dubi littafinsa. Ya tashi ya tari ma'aikacin jirgi da ke wucewa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ma'aikacin na ta sunkuyawa yana nuna baya da hannu. Fuskar Shiomi ta yi fari kamar sumarsa.

Suka sauka a wata 'yar tasha da ba kowa, benci uku da gadar ƙarfe mai haurawa ɗaya gefen. Iska mai sanyi na kaɗawa. Shiomi ya tsaya a gabansu, ya ajiye tuta a ƙasa, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya daɗe a haka.

"Laifina ne ni kaɗai," ya ce. "Ban hau jirgin nan na gani da idona ba. Na ɓata muku yini, ban da abin cewa."

Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ɗago ya ce zai je ofishin tasha, can ƙarshen dandamali, ya tambayo yadda za a koma. Ya tafi da sauri-sauri.

Nagumo ya gyara wuyan rigarsa. Lokacin da ya yi kwana goma yana jira ya zo. Amma kafin ya buɗe baki, tsohuwa Ushijima, da ke zaune a benci ta kanga littafin daf da tabaranta, ta ɗago kai.

"Ei-chan," ta ce, da sunan da take kiransa tun yana yaro. "Nan an ce kai ka duba. Kai ma ba ka gani ba?"

Mutum ashirin suka juya bangon baya, suka ɗago suka dube shi. Ba da fushi ba, da mamaki. Wannan fa Nagumo ne, wanda ya haddace littafin da ya fi bulo kauri. Hanya biyu ce a gabansa, kuma ya gan su sarai. Ko ya ce ya gani ya yi shiru, ya bar tsohuwar nan ta zo ta zauna a iska don a san darajarsa. Ko ya ce ɗayar. Ya dubi Tokie, ita kuwa tana kallon sabon takalminta.

"Ban gani ba," ya ce.

Tsohuwar ta miƙo hannu ta kamo nasa ta shafa.

"Assha. Haka maigidana ya fara, da ƙananan abubuwa. Kada ka ji kunya, Ei-chan, ka je likita ya duba ka tun da wuri. Tokie-san, ki riƙa lura da murhu."

Kuribara, da barci ya sake shi, ya zo ya zare jakar da ke kafaɗar Nagumo ya rataya a tasa.

"Ashe da gaske kake ran nan, mu muka so mu matsa maka," ya ce. "Ka yafe mana. Zo ka zauna nan, babu iska."

Nagumo bai zauna ba. Ya dubi agogonsa, ya ga saura minti biyar.

"Shugaba, ku saurare ni. Akwai jirgi sha ɗaya saura minti takwas a wancan gefen. In muka hau gadar nan yanzu mun same shi, kuma zai haɗa mu da na Nikko, mu iske abincinmu da zafi. In ya wuce sai bayan fiye da awa guda, na Nikko ma ya tsere mana. Ku taso."

Ba wanda ya motsa. Kuribara ya dafa masa kafaɗa.

"To, to. Shiomi-san ya je tambaya, yanzu zai dawo."

"Ba sai an tambaya ba, na sani. Shekara nawa ina kai ku ina dawo da ku?"

"Haka ne, haka ne," in ji Kuribara, da muryar da ake lallashin mara lafiya. "Amma ka ga gadar nan da tsawo. Kada mu sa Ushijima-san ta hau ta sauka a banza."

Nagumo ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kawunan da shi ke askewa, matan da suka bi bayansa ba su taɓa tambayar ina za a ba. Kowa na yi masa murmushi mai taushi. Mai tofu ma ya matsa ya ba shi wuri. Ya sake faɗin lokacin, sai wata ta miƙo masa alawa ta ce ya tsotsa, tana kwantar da hankali.

Jirgin ya shigo ɗaya gefen. Ya tsaya, ya buɗe ƙofofi, ba wanda ya shiga, ya rufe ya tafi. Can sai ga Shiomi da gudu yana haki, yana cewa wannan ne, wannan ne ya kamata su hau, ma'aikacin yana kan waya ne shi ya sa ya daɗe. Aka yi ta kash, kash. Wani ya ce yau dai ba sa'a. Ba wanda ya tuna cewa an faɗa musu. Tsohuwa Ushijima ta tambaya ko za a kai kafin a rufe ƙofar wurin ibadar, Shiomi ya ce za a kai, sai dai matakala kam ba lokacin hawanta. Ta gyaɗa kai, ta koma kallon hoton da ke cikin littafin.

Nagumo ya ja jiki ya koma ƙarshen dandamali, wajen wani shinge. Tokie ta biyo shi, ta tsaya gefensa tana gyara gyalenta.

"Sha ɗaya saura minti takwas," ta ce a hankali. "Na duba. Ko daƙiƙa bai ƙara ba."

"To ki je ki gaya musu."

"In gaya musu me?"

"Cewa kaina lafiya lau."

Ta juyo ta dube shi, irin kallon da ta yi shekara arba'in da biyar tana yi masa.

"Tun ranar da ka ce babu abin gyara na ga kunnenka ya yi ja. Ban dai san mene ne ba sai yau. In na ce musu kanka lafiya lau, tambaya ta gaba fa? Ni zan amsa ta, ko kai?"

Ya kawar da kai ya dubi shingen.

"Zauna a yadda suka ɗauke ka, Baba," ta ce. "Mai ruɗewa ana tausayinsa. In kuwa suka san ka gani ka yi shiru, ba na jin akwai wanda zai ƙara zama a kujerarka."

Ta koma wajen tsohuwar, ta cire gyalen ta yafa mata a kafaɗa. Kuribara ya ɗago hannu yana kiransa, yana nuna masa wurin da aka ajiye masa a benci, tsakanin mata biyu, inda za a iya sa masa ido. Nagumo ya sa agogonsa a aljihu, ya je ya zauna.